Idan Ɗan Majalisa Ya Ce Zai Huta, Wa Ke Zaɓen Magajinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗan majalisar yankinmu ya daɗe a kan kujera, yanzu ya ce zai huta, kuma ana raɗe-raɗin ya riga ya tsayar da yaronsa ya gaje shi. Shin doka ta ba shi wannan iko?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Doka ba ta ba shi ba, domin kujerar majalisa ba sarauta ba ce da ake gada. Kundin tsarin mulkin 1999 ya ƙayyade wa shugaban ƙasa da gwamnoni wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu, amma bai yi wa 'yan majalisa iyaka ba, shi ya sa wasu ke daɗewa har a riƙa ganin kujerar kamar tasu ce.

David Mark ya wakilci Binuwai ta Kudu a Majalisar Dattawa daga 1999 zuwa 2019, kuma ya shugabance ta daga 2007 zuwa 2015. Da ya yanke shawarar barin kujerar sanatan ya nemi takarar shugaban ƙasa a PDP a 2018, sai da Abba Moro, tsohon ministan harkokin cikin gida, ya samu tutar jam'iyya sannan ya ci babban zaɓen 2019 kafin ya hau ta. Da a ce mutuwa ce ko murabus a tsakiyar wa'adi, hukumar INEC ce za ta shirya zaɓen cike gurbi. Gwamna ba ya naɗa kowa, saɓanin yawancin jihohin Amurka inda gwamna kan naɗa sanatan wucin gadi.

Sai dai raɗe-raɗin da kuke ji ba banza ba ne. Wanda ya shekara ashirin yana hidima da shugabannin jam'iyya na mazaɓu, yana zuwa musu suna da jana'iza, da wuya ya nuna mutum daliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, su juya masa baya, musamman idan an kwana da su a otal guda daren jajibirin zaɓen fidda gwani. A nan ne ainihin gadon yake faruwa, tun kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a. Ko maslahar da ake fakewa da ita, wato tsayar da ɗan takara ta hanyar yarjejeniya maimakon fafatawa, Dokar Zaɓe ta 2022 ta shardanta cewa sai duk masu neman takarar da aka tantance sun amince a rubuce.

Kada kuma ku yi saurin ɗauka kujerar ta zama fanko. A 2022 Ahmad Lawan, wanda ke majalisar tarayya tun 1999, ya nemi takarar shugaban ƙasa a APC, Bashir Machina kuwa ya ci zaɓen fidda gwanin kujerar sanatan Yobe ta Arewa da Lawan ke kai, amma a Fabrairun 2023 Kotun Ƙoli ta mayar wa Lawan takarar, alƙalai uku suka rinjayi biyu.