Tambaya da Amsa: Me Kalmar "Nix" Take Nufi a Turancin Amurka?

Tambaya: Malam, nakan karanta jaridun Amurka a intanet domin in ƙara gogewa a Turanci, kuma sau da yawa ina cin karo da kalmar "nix" a kanun labarai, musamman inda ake maganar majalisa ko kotu. Me take nufi, kuma ya dace in yi amfani da ita a jarrabawa ko a takardar neman aiki? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, ana furta kalmar "niks", kuma ma'anarta ita ce yin watsi da wani abu, ko yin fatali da shi, ko soke shi tun kafin ya kai ko'ina. Idan kika ga an rubuta "Senate nixes plan", abin da ake nufi shi ne majalisar dattawa ta yi fatali da shirin. Ki lura cewa mai yin wannan aiki galibi mai iko ne wanda in ya ce a'a maganar ta mutu, kamar alƙali ko shugaban kamfani ko uwa a cikin gidanta, kuma abin da ake ƙi yawanci shawara ce ko shiri ko buƙata, ba mutum ba.

Asalinta daga Jamusanci ne, inda a maganar yau da kullum ake taƙaita "nichts", wato babu komai, zuwa "nix". Da wannan ma'ana ta shiga Turanci a ƙarshen ƙarni na 18, sai a farkon ƙarni na 20 Amurkawa suka mayar da ita aikatau mai nufin ƙin amincewa.

'Yan jarida ne suka raya ta, kuma dalilinsu a fili yake. Filin kanun labari ƙarami ne, kowane harafi yana cin wuri, don haka kalma mai haruffa uku ta fi wa edita sauƙi a kan "reject" mai haruffa shida. Misalin da ya fi shahara shi ne kanun da jaridar Variety, mai kawo labaran masana'antar fina-finai, ta buga a ranar 17 ga Yuli, 1935: "Sticks Nix Hick Pix". Cikin kalmomi huɗu kacal ta sanar da cewa mutanen karkara sun juya wa fina-finan da ke nuna rayuwar ƙauye baya.

Game da tambayarki ta biyu, shawarata ita ce ki guje mata a duk rubutun da ke buƙatar natsuwa. Kalma ce ta hira da kanun jarida, kuma ta fi yawo a Amurka fiye da Ingila, alhali Turancin makarantunmu a Najeriya salon Ingila ya gada, saboda haka mai duba takardarki zai iya ɗaukarta a matsayin sakaci. A jarrabawa ki rubuta "reject" ko "turn down". Idan kuwa ana maganar ikon da doka ta ba wani na hana abu wucewa, irin hawa kujerar naƙi da ƙasashe biyar masu kujerar dindindin ke yi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, to kalmar da ta dace ita ce "veto".