Tambayoyin Masu Karatu: Lambar yabo da ingancin kayan gini

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai buga bulo ne a Zariya, kuma ina yawan ganin kamfanonin siminti da na rodi suna tallata lambobin yabon da suka samu. Shin waɗannan lambobi za su iya zama mini hujja wajen zaɓen kayan da zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Wasu daga cikinsu hujja ce, wasu kuwa ba su wuce ado ba, domin akwai lambar da ake miƙawa a wajen liyafa bisa zaɓin masu shirya taro, akwai kuma wadda ba ta samuwa sai masu bincike sun shiga masana'anta sun ga yadda ake aiki tun daga fasa dutse har zuwa cika buhu.

Daga cikin masu nauyi akwai lambar Deming, wadda ƙungiyar masana kimiyya da injiniyoyin Japan ta kafa a 1951. Kamfanin ƙarfe na Tata Steel da ke Indiya ya same ta a 2008, sannan a 2012 ya sami babbar lambar Deming, wadda ba a neman ta sai an shafe aƙalla shekara uku bayan ta farko ana riƙe da ingancin aiki. A Amurka kuma akwai lambar Malcolm Baldrige da aka kafa a 1987, kuma a 1992 kamfanin Granite Rock na jihar Kalifoniya, mai sayar da tsakuwa da yashi da kankare, ya ci ta. Abin da ya fi burge ni game da wannan kamfani shi ne tsarin da ya shimfiɗa wa abokan cinikinsa: duk wanda bai gamsu da kayan da aka kai masa ba, yana da damar soke kuɗin kayan a kan takardar biya, ya rubuta dalilinsa, ya biya sauran. Kamfanin da ya yarda ya sa aljihunsa a hannun mai saye haka, lallai ya amince da abin da yake fitarwa.

Takardar shaidar ISO 9001 da ake yawan ambato ba lambar yabo ba ce. Tana tabbatar da cewa kamfani yana da tsarin kula da inganci, ana sabunta ta duk shekara uku, amma ba ta cewa komai a kan buhun da ke gabanka.

Saboda haka abin da ya fi shafar sana'arka yana jikin buhun ne. Ka nemi tambarin NIS na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, sannan ka karanta lambar ƙarfin siminti. Idan ka ga 42.5, ana nufin zai jure matsin aƙalla megafaskal 42.5 (megafaskal ma'aunin matsi ne) bayan kwana 28 da kwaɓa shi, wanda ya ɗara mai 32.5, harafin R da ke bin lambar kuma yana nuna cewa yana saurin yin ƙarfi tun a kwanakin farko, abin da mai buga bulo yake matuƙar buƙata. Kafin ka biya, ka dafa buhun da hannunka, musamman da damina, domin simintin da ya sha danshi a rumbun dillali har ya yi gudaji ya riga ya rasa wani ɓangare na ƙarfinsa, ko da wane kamfani ne ya yi shi.