Shan hantsi a baranda ba tare da makwabta sun hango ki ba

'Yar'uwa, kin ce a bene kike a Gwarimpa, kina son shan hantsi ba hijabi, amma makwabta suna hango barandarki. Ni asabari na rataya. Yana tare ido, iska kuma tana ratsawa. Ki daure shi tamau sama da kasa, don iskar farkon damina a Abuja ta taba yage mini labule.

Kuskuren da aka fi yi shi ne rufe gaba a manta da makwabtan sama. Ki zauna inda za ki zauna, ki duba: duk tagar da kika hango, ana hango ki. Kada ki rufe barandar da gilashi, yana tare hasken da fata ke hada bitamin D da shi.

Kafin mai walda ya huda bango don rataya asabarin, ki tambayi mamallakin gidan.