Amsa ga 'yar'uwa mai son ba yayanta ƙoda

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Kin tambaya ko aikin yana da haɗari da kuma yadda mutum yake ji bayansa. Ni na yi jinyar ƙanwata a nan Abuja bayan ta ba mahaifinmu tata.

Rasa rai a aikin ba kasafai ba ne, wajen mutum 3 cikin 10,000, amma akwai zubar jini, ciwon ya kama ruwa, ko jini ya daskare a ƙafa shi ya sa ake tada mutum ya taka da wuri. Kwana kaɗan a asibiti, sai sati 4 zuwa 6 ba ɗaukar kaya mai nauyi. Ƙodar da ta rage tana ƙara girma ta riƙe aikin, sai dai ki rabu da magungunan rage ciwon nan diclofenac da ibuprofen, ki riƙa awon hawan jini duk shekara, in kina da niyyar haihuwa ki gaya wa likita tun yanzu don ciki zai buƙaci ƙarin kulawa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne zuciya. Wallahi ƙanwata ta yi wata biyu ba barcin kirki, kowa hankalinsa na kan Baba ita an manta da ita, duk ranar da awonsa ya ɗan hau sai ta hau kuka wai ƙodarta ce ba ta da kyau. Sai da ta ga likitan ƙwaƙwalwa ta samu sauƙi.

Kuma don Allah in matsin dangi ne ya kawo ki, ki faɗa wa likita ke kaɗai a ɗaki, kina da damar fasawa har ranar aikin.