Matsayin ɗan da mahaifinsa kaɗai ne Bayahude

Malama, kin tambaya ko Yahudawan Amurka suna karɓar yaron da mahaifinsa Bayahude ne amma mahaifiyarsa ba Bayahudiya ba ce. Amsar ta dogara da ɗariƙar da iyalin suke bi. 'Yan Otodoks (masu riƙo sosai da dokokin addini na gargajiya) da 'yan Konsabatib (masu matsakaicin ra'ayi) suna bin tsatson uwa ne, kuma malamansu ba sa ɗaura aure tsakanin Bayahude da wadda ba Bayahudiya ba, saboda haka sai yaron ya shiga addinin bisa ƙa'ida. Ɗariƙar Rifom (masu sassaucin ra'ayi) kuwa, tun shekarar 1983 ta amince da tsatson uba muddin aka reni yaron a kan tarbiyyar Yahudanci, kuma malamanta da dama suna ɗaura auren. A ganina, majami'ar 'yan Rifom ce ta fi dacewa iyalin su fara tuntuɓa.