Me ya sa riga mai aikin hannu ta fi ta keke tsada?

Malam, ka ce ai zanen ɗaya ne, don me za a ninka maka kuɗi? To, juya rigar ka duba cikinta. A Zariya, mai zane ne ke fara fitar da aska takwas da tambari, wato siffofin adon babbar riga, a jikin yadin, sannan maɗinki ya duƙa da allura, ɗinki bayan ɗinki, wata rigar sai ta ci watanni. Idan da zaren tsamiya aka yi, to alharini ne na tsutsar daji, sai an dafa an kaɗa shi da hannu. Keke kuwa kwana biyu ya gama. Ni ta kakana na gada, wuyanta ya ƙoƙe, amma askar ko zare ɗaya bai tashi ba.