Ƙamus ya ce duk "ƙololuwa" ne, amma kowace da mazauninta

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka buɗe ƙamus ka tarar top, peak, summit, apex, pinnacle da zenith duk an fassara su da "ƙololuwa", surpass da exceed kuma duk "zarce", shi ne kake tambaya ko za ka iya ɗaukar wadda ka ga dama ka saka a rubutun jarrabawa. Gaskiya ba za ka iya ba. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma na ga wannan ramin ya cinye makin yara masu ƙoƙari, abin yana ci mini rai.

Akwai wata ɗalibata mai son manyan kalmomi. Ta rubuta labarin biri, ta ce ya hau har "the zenith of the tree". Ban ja mata jan biro ba. Na jira rana ta take tsaka, na fito da ita filin makaranta, na ce ta dubi inuwarta. Inuwar ta dunƙule a gindin ƙafarta. Na ce to ɗaga kai, wurin nan da ke saitin tsakar kanki a sararin sama, shi ne zenith. Asalin kalmar ma daga Larabci ta shiga harsunan Turai, daga "samtur ra'as", wato saitin kai. Bishiya ba ta da shi. Idan an aro kalmar, ana aro ta ne don ganiyar mulki ko ɗaukaka, kamar a ce daular Songhai ta kai zenith ɗinta bayan Askiya Muhammadu ya karɓi mulki a 1493. Yarinyar ta yi dariya, ta goge ta rubuta top, kuma shi ne daidai.

Saboda haka ka riƙe top da kyau, kada ka raina ta don gajarta ce. Saman tebur, kan bishiya, saman shafi, na ɗaya a aji, duk tana ɗauka. In ka yi kokwanto, ita ce mafaka.

Peak da summit su ne masu rikitarwa, don a kan dutse suna haɗuwa. Summit shi ne daidai inda mai hawa zai tsaya ya ga babu sauran hawa. Nan Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka taka a kan Everest ranar 29 ga Mayu, 1953, dutsen da tsayinsa ya kai mita 8,849. Peak kuwa tsinin dutsen ne, wani lokaci ma dutsen gaba ɗaya, shi ya sa ƙololuwar Kilimanjaro a Tanzaniya, mai mita 5,895, sunanta Uhuru Peak. Amma da an sauko daga dutse sai kowace ta kama gabanta. Peak tana bin abin da ke hawa ya kai maƙura sannan ya sauko: farashin masara a tsakiyar damina kafin sabuwa ta shigo kasuwa, zafin watan Afrilu, cunkoson motoci lokacin tashi daga aiki. Har aikatau ake yi da ita, a ce "prices peaked in August". Summit kuma ta koma wajen shugabanni, ita ce 'yan jaridarmu ke kira taron ƙoli, irin na Tarayyar Afirka a Adis Ababa. Ba wanda zai ce maka "peak meeting".

Apex tsinin alwatika ne ko na dala, inda gefuna suka haɗu a sama. Jaridun Najeriya na Turanci suna ƙaunarta: Kotun Ƙoli "apex court", Babban Banki "apex bank". Pinnacle kuwa ita na fi jin daɗin koyarwa, don muna da abinta a gida. Ka san zankwayen da magina ke ɗorawa a kusurwoyin soro a Kano da Zariya da Damagaram? To wannan ɗan tsinin da ke saman gini shi ne pinnacle, daga nan aka aro ta ake cewa mutum ya kai "the pinnacle of his career". Ka ƙara da crest ko da ba ka tambaya ba: zankon zakara ne, da kan igiyar ruwa, da doron tudu.

Yanzu batun zarcewa. A nan Hausarmu ce ke ja mana, don "fi" da "wuce" suna yi mana aikin kalmomi da dama, ga kuma Turancin buroka da ya saba mana da "pass" a komai. Exceed ƙetare iyaka ne ko adadi. Ɗauko kwalin magani ka duba, sau da yawa za ka ga "do not exceed the stated dose", wato kada ka wuce ƙa'idar da aka gindaya. Gudun mota, kasafin kuɗi, yawan kalmomin da aka ce ka rubuta, duk exceed ne, kuma sau tari ba abin yabo ba ne. Surpass kuwa zarra ce, almajiri ya shige malaminsa, ko aikin bana ya fi na bara kyau. Sun haɗu a wuri ɗaya, wajen tsammani, inda za ka iya cewa "exceeded expectations" ko "surpassed expectations" ba laifi.

Direban da ya tsere wa tirela a hanyar Kaduna bai yi surpass ba, overtake ya yi. Wanda ya yi fice a lissafi, "he excels in mathematics" ko "at mathematics", kada ka manta da wannan ɗan haɗin. In yawa ake magana, mata sun fi maza a aji, outnumber ce.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne, duk inda suka ci karo da ɗaya daga cikin kalmomin nan a jarida, su kwafe jimlar gaba ɗaya a bayan littafi, ba kalmar kaɗai ba. Ka gwada na mako biyu. Sannan ka rubuto jimloli biyar naka, da peak, summit, apex, exceed da surpass, in sha Allahu zan duba maka su bayan isha'i.